Ƙasar da Ta Ƙi Karɓar Yaya Habu

Mu biyu muka tafi, ni da wana Habu, ni kaɗai na dawo. Wannan kowa ya sani a Gagarawa. Mutuwarsa ba ita ta hana ni sukuni ba shekara da shekaru, don kowa da ranarsa. Maganar kabarinsa ce, kuma ita nake so in faɗa tun da sauran numfashina.

Sana'armu raƙuma ce. Mukan ɗauki gero daga Gumel mu kai Damagaram, mu dawo da kanwa da manda. A kasuwar Maigatari wani Bature ya sayi raƙuma, har da wata taguwa da Yaya Habu ya rena tun tana ƙarama, yana kiranta Gimbiya. Baturen ya taɓa zama a barikin Lakwaja, yana jin Hausa irin karkatacciyar nan, kuma ba ya magana biyu bai ce "maza-maza" ba, sai muka laƙaba masa Maza-Maza. Kafin yaƙin Jamus ne, jirgin ƙasa bai daɗe da isowa Kano ba. Yarjejeniyarmu da shi ita ce mu kora masa raƙuman zuwa Kano, mu juyo.

A Kano ya ce raƙumi ba ya shiga jirgi sai da wanda ya saba da shi, mu raka su Ikko. A Ikko ya nuna mana ruwan da ba a ganin ƙarshensa, ya ce mu raka su ƙetare, kafin a yi shuka mun dawo. Ni na ƙi. Na ce, "Yaya, mutumin nan fa kullum zango ɗaya ne ya rage masa."

Yaya Habu ya yi dariya, ya ce, "Iro, kai ka ga yadda yaransa ke jan akala? Ko gurfanar da raƙumi ba su iya ba. In muka sakar musu Gimbiya, ba za ta ga ƙetaren ba." Haka yake. Mutum ne mai sanyin rai, ba ya gardama, sai dai in ya tsaya a kan abu ba ka iya ture shi. Ni kuwa tun ina yaro bakina ya fi ƙafata sauri, amma inda ya sa ƙafa nan nake sawa.

Ba zan daɗe a kan jirgin ruwa ba, don rabin tafiyar kaina na cikin bokiti. Mun sauka a wani birni mai hayaƙi, inda rana ke fitowa kamar mai jinya. A nan muka gane abin da aka kawo mu yi. Aka killace mu a wani fili, aka naɗa mana rawuna, aka ba mu takubban da ko kabewa ba za su yanka ba. Mutane su biya su shigo su kalle mu, mu da raƙuman gaba ɗaya. Maza-Maza yana hawa kan akwati yana faɗa musu wai mu 'ya'yan sarkin hamada ne. Ni da ubana ya mutu da fartanya a kafaɗa! Yara su goga yatsa a hannuna su duba ko baƙin ya fita. Nama ba ma ci, don ba mu san yankan wa ba ne, sai burodi da kifi da dankali. Na sha yin mafarkin fura, in farka bakina na motsi.

Yaya shi ke riƙe mana lissafin gida. Yana cikin goge wa Gimbiya wuya sai ya ce, "Yanzu ana noman farko." Bayan wani lokaci ya ce, "Gero ya yi kai." Ranar da ya ce, "An gama ɗaurin dami," daga nan ya daina lissafin. Inna ita kaɗai muka bari da ƙanwarmu.

Da sanyi ya shigo, masu kallo suka ɗauke ƙafa. Maza-Maza ya ce saura zango ɗaya, na ƙarshe. Can arewa akwai ƙasar tafkuna, inda masu hali ke zuwa hutun Kirsimeti, in an gama sai jirgin gida. Ya faɗi sunan ƙasar, harshena bai ɗauka ba, har yau ban san shi ba.

Ƙanƙarar da na sani ita ce wadda ke zubowa da damina ta farfasa ganyen dawa, yara su tsinta su tsotsa. Ta can daban ce. Tana saukowa a hankali ba ƙara, kamar ana shiƙar auduga, ta rufe hanya da rufin ɗaki da itatuwa, mutum ya nutse har gwiwa. Rana kuwa sai ta ga dama take leƙowa, ta tashi tsayin danga, ta koma. Azahar da la'asar da magariba suna taka wa juna dunduniya. Yaya ya ce, "Ranar garin nan 'yar'uwarka ce, Iro, ba ta son aiki."

Masaukin baƙin babban gida ne na katako, a gabansa wani fako fari fat, iyakar ganin ido. Mun yi kwanaki muna kai da kawo da raƙuma a kansa ban san ruwa ba ne. Wata rana na hango wani tsoho zaune a kan ɗan akwati a tsakiyar fakon, lofe a bakinsa, zare a hannunsa. Ina kallo ya ja zaren, sai ga kifi yana wutsil-wutsil. Na ce, "Yaya, mutumin can daga ƙasa yake ciro kifi!" Muka matsa. Tsohon ya share bakin ramin da ƙafa, na leƙa, na ga ruwa baƙi ƙirin a ƙarƙashinmu. Da rarrafe na koma gaɓa, Yaya da tsohon suna ta ƙyaƙyata mini dariya.

Daga ranar muka saba da shi. Ba ya jin maganarmu, ba ma jin tasa, muna ce masa Baba Mai Lofe. Bukkarsa na bakin daji, shi kaɗai. Da ya ga takalmanmu ya girgiza kai, washegari ya kawo mana na fata masu gashi a ciki, ya cusa musu busasshiyar ciyawa. Kusan kullum sai ya rataye mana kifi a ƙofar bargar da muke kwana. Ya kuma kai mu wajen da wani rafi ke shiga tafkin, ya buga sanda a kan ƙanƙarar, ya nuna raƙumi, ya kaɗa yatsa. Mun gane.

Su kuwa baƙin, na kasa gane kansu. Mutum da hankalinsa ya baro ɗaki mai wuta, ya ɗaura ƙarfe mai kaifin wuƙa a tafin takalmi, ya hau ƙanƙara yana sulɓi, ya faɗi tim, ya tashi yana dariya. Wasu su ɗaura dogayen katakai a ƙafa su gangaro daga kan tudu. Wasu su zauna cikin keken da ba shi da ƙafa, dawaki masu ƙararrawa na jan su. Akwai kuma wata bukka a bakin ruwa da ake gasa duwatsu a ciki, a zuba musu ruwa, maza su zauna cikin tururin har su yi ja, sannan su fito a guje su faɗa ramin da aka fasa a ƙanƙara. Na ce wa Yaya waɗannan ko bori albarka. Cikin gidan ma sun sare itace ɗanye sun kafa a tsakar zaure, sun kunna masa kyandir a kowane reshe.

Aikinmu shi ne mu naɗe wa raƙuma ƙafa da buhu don kada su zame, mu ɗora mata da yara, mu kai su wani tsibiri inda ake hura wuta ana shan abu mai zafi, mu dawo da su. Ban ce duka baƙin ciki ba ne. Wata rana yara suka ja Yaya suka zaunar da shi a kan wani ɗan allo, suka tura shi daga kan tudu. Rawaninsa ya warware yana bin sa a baya, ya je ya kife cikin tulin ƙanƙara, ya taso gemu fari yana dariya har da hawaye. Ya ce, "Wallahi Iro da daɗi! Zo ka hau!" Ban hau ba, na ce ni ba yaro ba ne. Da na sani na hau.

Ranar babban bikinsu mutane suka yi yawa, layi har bakin masauki. Maza-Maza ya ce hanyar da muke bi ta yi nisa, mu yanke ta bakin rafi. Yaya ya ce, "Ranka ya daɗe, wajen nan ba ya ɗaukar raƙumi." Ya ce dawaki sun bi jiya, maza-maza. A sawu na biyu ƙanƙarar ta fashe a ƙarƙashin Gimbiya. Matar da ke kanta ta dirgo lafiya. Ruwan bai da zurfi sosai, iyakar ƙirji, amma taguwar ta kasa fitowa, tana ta kuka. Kafin in riƙe shi Yaya ya faɗa ciki da igiya. Ya daɗe a ruwan yana ɗaura mata, yana yi mata magana, har aka kawo dawaki suka ja ta. Ta fito da ranta. Shi kuwa da aka ciro shi, rigarsa ta sandare a jikinsa kafin mu kai barga.

Ciwon haƙarƙari ya kama shi. An kawo likita, mutumin kirki, ya yi iyakar yinsa. Da Yaya ya ji jikinsa, ya kama hannuna ya ce, "Iro, ka dai san yadda ake yi. Kada ka bari su sa ni a akwati. Kada kuma in kwana a waje."

Na ce, "Haba Yaya, wace irin magana ce wannan?"

Ya ce, "Ka ji dai." Da safe ya cika, ko da yake safiyar can ba ta da bambanci da duhu.

Na je wurin Maza-Maza na ce a ba ni dagi da shebur. Ya cire hularsa, ya ce ya yi baƙin ciki, amma ba a binne mutum yanzu. Ƙasa ta kulle. Duk wanda ya mutu da sanyi, ana sa shi a akwati a ajiye a wani ɗaki bayan majami'a, sai ƙanƙara ta narke a binne su gaba ɗaya. Ya ce, "Uwar mai masaukin nan ma tana ciki." Na ce masa ƙarya yake yi, kamar yadda ya yi a Kano da Ikko. Na zage shi tas. Ashe a duk zamanmu da shi, ranar ce ya fara faɗa mini gaskiya.

Baba Mai Lofe ne ya zo da allonsa na jan kifi, muka ɗora Yaya, muka kai shi bukkar tururi, don a nan kaɗai ake samun ruwan ɗumi. Wata mata mai wankin masauki, wadda ko gaisawa ba mu taɓa yi ba, ta biyo mu da farin zanen gado sabo, ta ajiye a bakin ƙofa ta juya tana share ido. Ni na wanke shi, ni na yi masa sutura. Na fito da shi na tsaya. A gida ni mutumin sahun baya ne, ban taɓa jan ko sallar mutum biyu ba. Na yi kabbara huɗu, babu mai amsawa. Daga tafki ana jin ƙararrawar dawaki da kiɗa da shewar yara. Da na yi sallama na waiga, na ga tsohon tsaye a bayana, hula a hannu, ƙanƙara na sauka a kan sanƙonsa.

A bayan bukkarsa na share wuri, na ɗaga dagi na buga. Ƙarfen ya yi ƙara ya dawo, zafin ya bi hannuna har kafaɗa. Na yi ta bugu har tafina ya fashe, abin da na ɓantaro bai cika ƙoƙo ba. Tsohon ya bar ni sai da na gaji, sannan ya jawo itace ya hura wuta a wurin. In ta ci ta mutu, mu kwashe toka, mu kankare laka kamar kaurin tafin hannu, a ƙarƙashi kuma ƙasar tana nan kamar maƙera. Mu sake hurawa. Yaya ya kwana a waje, ya sake kwana. Itacen da tsohon ya tara na sanyinsa duka muka ƙone.

Baƙi suka hango hayaƙi, suka riƙa zuwa a kan katakansu suna kewaye mu. Sun ɗauka wani sabon wasa ne na 'yan hamada. Wani ya kafa abin ɗaukar hoto, wata ta miƙo mini alewa. Na ɗaga shebur zan yi aika-aika, tsohon ya riƙe ni. Ya yi musu magana kaɗan, ban san me ya ce ba, suka sunkuyar da kai suka watse.

Da ramin ya kai gwiwa muka iske dutse, shimfiɗe, daga wannan gefe zuwa wancan. Na ce a hakan zan sa shi. Tsohon ya ja ni bakin daji ya nuna mini sawu a kan ƙanƙara, manya, irin na kare amma sun fi girma. Ya nuna ramin, ya yi alamar tono da hannu biyu. Ba sai an fassara mini ba. Na san abin da kura ke yi wa kabarin da bai yi zurfi ba.

Muna shirin fara wani ramin sai ga Maza-Maza. Hutu ya ƙare, baƙi suna tafiya, ya sayar da raƙuman ga wani gidan dabbobi, gobe jirgin ƙasa zai tashi. In na bi shi zai sa ni a jirgin Ikko. In na tsaya, shi ba zai dawo ba. Na durƙusa masa, ni da na zage shi, na ce ya ƙara mini kwanaki. Ya ce, "Iro, ko na ƙara, itace ya ƙare. Ƙasa ba za ta saki ba sai bayan watanni."

Na zauna a bakin ramin. In na tsaya, ba ni da harshe, ba ni da takarda, ban san ko ta ina gida yake ba, kuma Inna za ta mutu tana kallon hanya ba ta san abin da ya sami ko ɗayanmu ba. In na tafi, na bar ɗan'uwana a waje. Ban taɓa jin zuciyata ta tsage biyu ba kamar ranar.

Tsohon yana da wani ɗan ɗaki a kan dogayen turaku, kamar rumbu, inda yake ajiye busasshen kifi don kada namun daji su kai gare shi. Ya kwashe kifinsa duka, ya shimfiɗa rassa, muka ɗaga Yaya muka kwantar da shi a ciki, ba akwati. Ya nuna rana, ya ɗaga hannu sama, ya nuna ƙasa, ya buga ƙirjinsa. Wato in rana ta yi ƙarfi, shi zai binne shi.

To amma ta yaya zai san yadda muke yi? Sai na shiga ramin na kwanta a kan haƙarƙarina na dama, na juya fuska inda Yaya ke sa mu fuskanta in za mu yi salla. Na tashi na jera itace a kan bakin ramin, na yi alamar zuba ƙasa. Na jawo akwatin kifinsa na ture shi da ƙafa, ina girgiza kai. Yana ta kallona. Can ya ajiye lofensa, da tsufansa da komai, ya gangara cikin ramin ya kwanta. A hagu ya kwanta. Na kama kafaɗarsa na juya shi. Ya gyara, ya ɗago ido yana tambayata. Na ce, "Haka ne, Baba. Haka." A nan kukan da na riƙe tun ranar rasuwar ya ƙwace mini.

Maza-Maza ya cika wannan alkawari ɗaya. Na sauka Ikko, na hau jirgi zuwa Kano, daga nan na bi fatake a ƙafa zuwa Gumel. Na iske Inna a ƙofar ɗaki tana kaɗi. Ta dube ni, ta dubi bayana. Yaya Habu ɗan farinta ne, har lokacin ban taɓa jin ta kama sunansa ba.

Ta ce, "Ina ɗan'uwanka?"

Na ce, "Inna, sai haƙuri."

Ta ajiye mazari a hankali. Ta ce, "Wa ya yi masa wanka?"

"Ni."

"Salla fa?"

"Ni, Inna."

"Kai kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Ta gyaɗa kai. "Ka dai sa shi a makwancinsa."

Na zayyana mata komai, da wutar, da dutsen, da tsohon. Na ce mutumin kirki ne, ya yi alkawari, kuma yanzu ai ƙasar ta daɗe da saki. Ta ce, "Ka gani da idonka?" Na ce a'a.

Washegari mutane suka cika gida. 'Yan'uwanta suka zo daga Sule Tankarkar, aka shimfiɗa tabarmi. Inna ta fito ta ce a naɗe su. Kawu, ƙaninta, ya ce, "Haba Yaya, mutane sun zo yi miki gaisuwa." Ta ce, "Ku koma gida, na gode. Habu na cikin rumbu. In an binne shi na aika muku." Ranar na fara jin sunansa a bakinta. Liman ya zo ya yi mata nasiha, ta saurara har ya gama, ta yi masa godiya, amma ba ta zauna makoki ba.

Kowace shekara in ruwan farko ya sauka, takan kira ni ta ce, "Iro, can ma ƙasar ta saki?" In ce ta saki, Inna. Ta ce, "To wa zai zo ya faɗa mana?" Yaƙi ya zo ya wuce, ba wanda ya zo. Ni a raina na yarda Baba Mai Lofe ya cika alkawari, in dai shi ma ya ga ƙarshen sanyin nan, don ya tsufa ƙwarai kuma mun ƙone masa itace.

Inna ta rasu da hantsi, a farkon wata damina. Na karɓi dagi na ce ni zan haƙa. Na ɗaga shi da dukan ƙarfina na buga, sai ya nutse har rabi. Rairayi ne mai laima, ko da hannu ana iya kwashewa. Kafin mata su gama yi mata wanka mun gama. Aka kawo ta, aka yi salla sahu-sahu, aka sa ta, aka jera itace, aka rufe, rana ko tsaka ba ta yi ba.

Mutane suka fara watsewa. Ni ban san lokacin da na matsa gefen kabarinta na sake kafa dagi ba. Na haƙa ya wuce gwiwa, ya kai ƙugu, ba dutse, ba komai. Sai na ji Kawu ya riƙe mini hannu ta baya.

Ya ce, "Iro, ya isa. Ba wanda za a sa a ciki."